Shawarar da Na Ba Manajan da Aka Turo Ni In Kora

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka tura ni Ƙaura Namoda in koya wa wani attajiri yadda zai kori manajansa. Na yi iya ƙoƙarina in manta, mutanen garin ne suka ƙi ba ni haɗin kai.

A lokacin ina ƙaramin lauya a wani ofishi a Gusau. Aikinmu kare masu kamfanoni da ba su shawara a kan ma'aikatansu, tun daga yadda za a ɗauki mutum aiki har zuwa yadda za a sallame shi ba tare da ya maka ka a kotu ba. (Idan ana hira a majalisa cewa nake yi ni lauyan harkar ma'aikata ne, sai in yi shiru in bar mutane su ɗauka talakawa nake karewa.) Maigidana a ofis, wanda kowa ke kira Oga, ba ya barina in je wurin manyan mutanensa ni kaɗai. Jaka nake riƙe masa, in ya yi magana in gyaɗa kai. Ni kuwa a raina na daɗe da yanke hukuncin cewa tsoron basirata yake ji.

Rannan wata shari'a ta riƙe shi a kotu, sai ya kira ni ya ce in shirya in tafi Ƙaura. Akwai wani Alhaji Mudi mai kamfanin ruwan leda, motocinsa ke kai ruwa har Shinkafi da Zurmi. Manajansa, wani Lawali, ciwon siyasa ya kama shi, yana neman kansila a wajen Zurmi. Kullum yana can wurin taro da motar kamfani, ya bar injina da lebura suna kallon juna, kuma a tsakiyar bazara, lokacin da ruwan leda ya fi tafiya. Alhaji ya ce masa ya ajiye aiki, shi kuma ya ce sai dai su haɗu a kotu. Oga ya ce in je in ji ta bakin Alhaji, in dawo in ba shi labari. Ban taɓa ganin Alhaji Mudi ba, ko muryarsa ban taɓa ji ba, amma wannan bai dame ni ba. Attajiri ai ba ya ɓoyuwa.

Na zuba baƙar kwat da ɗaurin wuya a cikin zafin nan da ko kaza ba ta fitowa, na kama hanya da sassafe don in samu in juyo kafin la'asar. Tun daga Gusau nake tsara jawabina a mota. Kafin in isa Ƙaura na riga na kori Lawali, na ci shari'ar, Oga ya kira ni ya nemi afuwa a kan shekarun da na yi ina riƙe masa jaka.

Na tarar da kamfanin ya kaure da ƙarar inji, lebura suna ta loda ruwa a mota. Na tambayi ɗayansu ofishin Alhaji, ya nuna mini wata ƙofa da haɓa. Na yi sallama na shiga.

Ga mutum zaune bayan tebur, daidai ƙarƙashin fanka. Babbar riga ta shadda mai ɗaukar ido, hula ta zauna daram, ƙamshin turare ya cika ɗakin, wayoyi a jere a gabansa. Da ya yi murmushi sai ga haƙorin Makka. Na ce a raina, ga kuɗi nan a zaune. Na ɗan rusuna na ce, "Ranka ya daɗe, Alhaji." Ya amsa da fara'a. (Daga baya na gane mutumin bai yi mini ƙarya ko ɗaya ba. Ya je Makka, Alhaji ne. Ni ne ban san cewa gari ɗaya yana iya ɗaukar Alhaji fiye da ɗaya ba.)

Na gabatar da kaina, na ce Oga ne ya turo ni a kan maganar Lawali. Ya ajiye wayar da ke hannunsa a hankali, ya kalle ni.

"Maganal Lawali? To, bisimilla Barista, zamna."

Da kansa ya tashi ya ɗauko mini ruwa mai sanyi. Na sha, na gyara ɗaurin wuya, na fara.

Da farko na kwantar masa da hankali. Na ce irin su Lawali ba sabon abu ba ne a wurina, na sha gamawa da su (ban taɓa gamawa da ko ɗaya ba). Na ce yawancinsu malalata ne, an rufa musu asiri sun manta, sai su sami babbar riga su zura don ta rufe musu rashin abin yi. Da na lura shi ma babbar riga ce a jikinsa, sai na yi sauri na ce ban da irinsu Alhaji, waɗanda riga ta san jikin da ta hau. Ya ce ya gode.

Daga nan na shiga dabara. Na ce kada ya kuskura ya kore shi kai tsaye. A fara ba shi takardar neman bahasi a kan fashin aiki, a ajiye amsarsa, a sake ba shi wata. Sannan na sauke murya, na matso da kujera, na kawo abin da na ɗauka shi ne gwanintar ranar. Na ce a mayar da shi Shinkafi ya riƙa bin motocin kai ruwa. Kowa ya san halin da hanyar take ciki, ba zai yarda ya je ba. Da zarar ya ƙi, ya saɓa umarni, sai a sallame shi hankali kwance. Wannan ba Oga ne ya faɗa mini ba, ni na ƙirƙiro shi a mota, har ina jinjina wa kaina.

Mutumin bai katse ni ba ko sau ɗaya. Yana gyaɗa kai, jefi-jefi ya ce, "Ikon Allah." Ban taɓa samun mai sauraro irinsa ba. Sai ya jingina da kujera ya yi mini wata tambaya.

"To Barista, in da kai na Lawali, mi za ka yi?"

Lauya mai hankali zai ce wannan ba damuwarmu ba ce. Ni kuwa sai na ji an buɗe mini fili. Na yi dariya na ce sa'armu ɗaya, irin su Lawali ba su san haƙƙinsu ba, da ya sani da mun shiga uku. Na bayyana masa cewa, yadda Oga ya gaya mini, tun da aka ɗauki mutumin ba a taɓa rubuta masa ƙa'idar aiki ba, ba a taɓa yi masa gargaɗi a rubuce ba, ba a kuma taɓa ba shi hutu ba. Na ce in da ni ne shi, gobe da asuba zan dawo bakin aiki in riƙa zuwa kafin kowa, duk takardar da aka ba ni in amsa cikin ladabi in ajiye kwafi, in an tura ni Shinkafi kuma in nemi a rubuta dalili. Har kotun da ya kamata ya je na faɗa masa, da irin lauyan da ya kamata ya nema. Ya roƙe ni in maimaita wani wuri da bai gane ba. Na maimaita, a hankali, yadda zai zauna masa.

Ina cikin maimaitawar aka turo ƙofa. Wani dattijo ne ɗan gajere, cikin koɗaɗɗiyar riga, ya naɗe hannuwanta zuwa gwiwar hannu, tafukansa duk baƙin man janareta. Na ɗago na yi masa alama da hannu cewa ya ɗan jira a waje, muna magana mai muhimmanci. Ko kallona bai yi ba. Mai babbar riga kuwa tuni ya miƙe zumbur, ya zagayo tebur ya durƙusa.

Dattijon ya ce, "Lawali, na ce ka jira ni ofis, ban ce ka hau kujerata ba."

Na kalli mai babbar riga, na kalli dattijo, na sake kallon mai babbar riga, ko Allah zai sa a ce akwai wani Lawalin a bayan labule. Babu labule a ɗakin.

Alhaji Mudi ya zauna yana goge hannu da tsumma, ya tambaya ko ni wane ne. Lawali ne ya gabatar da ni, cikin girmamawa, ya ce Baristan da aka turo daga Gusau ne, kuma sun jima suna tattaunawa. Alhaji ya daina goge hannun. Ya tambaye ni abin da na faɗa masa. Na ce gaisawa muka yi, sai ɗan bayani kaɗan.

Lawali ya ce, "A'a Barista, kak ka rage ma kanka daraja. Alhaji, yaron ga ya san aikinai. Bai bar komi ba."

Sai ya shiga karanto wa Alhaji jawabina, tun daga malalaci har zuwa kotu, bai tsallake ko babbar riga ba. Ashe ban taɓa koyar da ɗalibi mai kaifin ƙwaƙwalwa irinsa ba. Alhaji yana saurare yana kallona, irin kallon da ake yi wa buhun hatsin da aka saya aka tarar rabinsa ƙasa ce. Da Lawali ya gama, Alhaji ya juyo gaba ɗaya ya fuskance ni.

"To Barista, tunda ka gama da shi, ko akwai ɗan saura da za ka taimaka min da shi?"

Da a nan aka tsaya, da kunyar ta tsaya a ta wauta kawai. Amma sai na ga fara'ar Lawali ta gushe. Ya ce wa Alhaji komai zai iya ɗauka, ban da maganar Shinkafi. Ya tuna masa shekarun da suka yi tare tun kamfanin yana ɗaki ɗaya, ya ce bai taɓa zaton Alhaji zai jefa shi kan wannan hanya da gangan ba, alhali ya san yana da 'ya'ya ƙanana. Alhaji ya rantse bai taɓa kawo wannan a ransa ba, ya ce ko direbobinsa sai ya yi ta addu'a har su dawo. Suka juyo tare suka kalle ni. Na ce shawara ce kawai ta fuskar doka. Alhaji ya ce in ɗan ba su wuri.

Haka na fito na zauna a kan benci a bakin ƙofa, da kwat ɗina da jakata, rana tana dukana, lebura suna wucewa suna yi mini sannu da aiki. A nan na kira Oga na gaya masa komai, don na san in ban faɗa ba Alhaji zai faɗa da ƙari. Ya saurare ni har na gama. Can ya tambaye ni, cikin natsuwa, ko zan biya ta gidan alƙali a hanyar dawowa in yi masa bayani shi ma, don kada a bar kowa a baya.

Sai bayan azahar aka kira ni ciki. Sun daidaita, abin da suka kasa yi tun farkon rigimar. Lawali zai ajiye makullin mota, ya tafi hutu har a gama zaɓen fid da gwani. In ya ci, a rabu lafiya. In ya faɗi, ya dawo bakin aikinsa, amma wannan karon da ƙa'ida a rubuce. Alhaji ya ce in zauna in rubuta musu yarjejeniyar. Na ce a ƙa'ida ya kamata Lawali ya nemi lauyansa ya duba masa kafin ya sa hannu. Lawali ya ce ai ga lauyansa nan zaune.

Alhaji bai raba gari da ofishinmu ba, amma ya roƙi Oga cewa nan gaba, in zai aiko da wani, ya haɗo shi da hoton wanda zai je gani. Ni kuma na koma riƙe jaka na wani dogon lokaci, ban kuma sake jin Oga yana tsoron basirata ba. Lawali ya sha ƙasa a zaɓen, ya dawo kamfani, yana nan har yau. Duk lokacin da aiki ya kai ni Ƙaura, in ya hango ni sai ya taso da fara'a ya kama hannuna ya nuna ni ga jama'a, ya ce ga mutumin da ya cece shi. Akwai ma'aikatan da suka zo har Gusau nemana, wai an ce ni ne lauyan da ba ya ɓoye wa talaka komai.

Yanzu duk wanda zan yi wa maganar aiki, ko da rawani ya zo, sai ya faɗa mini sunansa da na mahaifinsa da matsayinsa a wurin, in kuma sake tambayar wani a waje. Wasu suna jin haushi, ina ba su haƙuri. Na yi shekaru a wannan aiki, na ba masu kamfanoni shawarwari iri-iri, wasu sun yi amfani, wasu ba su yi ba. Amma wadda aka bi daga farko har ƙarshe, ta kuma yi aiki yadda na tsara ta, ita ce wadda na ba mutumin da aka turo ni in kora.