Mai Ƙwanƙwasa na Kiru

Ba zan taɓa mantawa da wata la'asar ta damina a Bebeji ba, kuma ko na so mantawa ba za a bar ni ba, domin garuruwa huɗu ne suka ji ni. Har yau in na tuna, kunya ce ke fara zuwa, sai haushi ya ture ta ya zauna.

A lokacin ina amarya, ina koyar da 'yan mata a elementare. Ba a daɗe da biki ba aka tura maigidana Doguwa aikin gandun daji, ni kuwa aka bar ni gidan Kawu Garba kafin a gama rufa mana ɗaki a can. Kawu tsohon soja ne, ya dawo daga yaƙin Bama da ciwon rediyo wanda ba ya jin magani. A zaurensa akwai wani akwati mai aiki da batirin mota, ka yi magana a ciki a ji ka a wani gari. Masu irinsa 'yan kaɗan ne, a Kiru da Tudun Wada da Doguwa, kuma layi ɗaya tal suke haɗuwa a kai. In biyu suka shiga tare, babu mai jin wani.

Ga shi sun kasu biyu. Akwai masu magana da baki kamar sauran bayin Allah, akwai masu ƙwanƙwasa wani ɗan ƙarfe, tit-tiit-tit, kowane harafi da irin bugunsa. Sai suka yi ƙa'ida: kafin la'asar na masu ƙwanƙwasa ne, bayan la'asar na masu baki.

Duk Juma'a maigidana kan je wurin mai akwatin Doguwa ya gaida Kawu. Kawu yake gaisarwa, ba ni ba (wa zai gaida matarsa duniya na ji?), amma ina laɓe a bayan ƙofar cikin gida. In ya ce, "Yaya mutanen gida?" na san ni ce mutanen gida. Wannan 'yar tambaya nake riƙewa har wata Juma'ar, ina yi mata waƙoƙi a zuci.

Da ruwa ya sauka sai muryar maigidan ta fara shaƙewa, tana zuwa tana ɓacewa cikin ƙarar hadari. Kuma da zarar ta yi rauni, sai wani daga Kiru ya faɗo da ƙwanƙwasarsa, a lokacinmu, lokacin baki! Abin da ya fi ƙona mini rai, shi ma maigidan sai ya ɗauki ƙarfe ya mayar masa. Ni da na jira mako guda, sai in tashi da tit-tit.

Na ce, "Kawu, wane ne wannan marar ta ido?"

Ya ce, "Na Kiru ne. Bar shi, 'yar nan." Yana shafa gemu yana murmushi. Wannan murmushin ban yafe shi ba.

Ranar da abin ya faru, labari ya riga ya iso cewa zazzaɓi ya kwantar da maigidan. Tun safe hankalina ba ya jikina. Bayan la'asar muryarsa ta fito can ƙasa-ƙasa, ya fara cewa, "Jikin dai..." sai tit-tiit-tit ta hau kansa. Kawu kuwa ya fita gyara wayar da ya ɗaura a kan rimi. Ni da ake ce wa ko kaza ba na iya kora, ban san lokacin da na faɗa zauren na danna abin magana ba.

Na ce, "Kai mai ƙwanƙwasa na Kiru! Ba ka da agogo ne, ko rana ba ta fitowa a garinku? In kana da baki ka buɗe, in ba ka da shi ka bar masu shi!" Da ma na tsaya nan. Ina! Waƙar da na daɗe ina tsara wa mai ƙwanƙwasan nan ta taso, na rera ta da karin murya:

"Kazar Kiru mai tsattsagar faranti,
Ba ki ƙoshi, ba ki barin a huta."

Na saki abin magana, ina haki, ina jin kaina sarauniya. Can sai wata muryar dattijo ta fito, a natse, wadda sau ɗaya na taɓa jin ta, ranar da aka kai ni gaisuwa ina lulluɓe.

"Garba, kana kusa? Ka gaida mini 'yar tawa. Ka ce mata kaza ta ji. Lokacinta ne."

Surukina ne. Mahaifin maigidana.

(Na san za ku ce ai na san a Kiru yake, na kuma san tare suka yi soja da Kawu. Na sani. Amma mai waƙa a ka ba ta haɗa lissafi.)

Na Tudun Wada ya tuntsire da dariya har akwatin yana rawa. Kawu na tsaye bakin ƙofa, hawayen dariya na bin gemunsa.

Na ce, "Kawu, don Allah me ya hana ka gaya mini?"

Ya ce, "Kin tambaye ni garinsa ne ko sunansa?" Da ya share ido ya ƙara da cewa, "Mijinki ɗan farinsa ne. Ba ya kiran sunansa, ba ya tambayar lafiyarsa a gaban mutane. In muryar yaron ta ɓace sai hankalinsa ya tashi, shi ne yake tambaya da ƙarfe, don bugu yana ratsa hadari inda murya ba ta iyawa. Yau ma cewa yake, ya sha magani?"

Wato duk mazan nan sun sani. Kawu ya sani, maigidan ya sani, har na Tudun Wada mai dariya kamar jaki ya sani. Suka zuba mini ido ina cika ina batsewa har na fashe, sannan aka ce ni ce marar kunya. A gidan suna a Kiru, sai da wata tsohuwa ta rera mini baitin nan tun daga ƙofa, da karin da ya fi nawa daɗi.

Dattijon bai sake shiga lokacin baki ba, ko da hadari ya haɗiye muryar ɗansa ɗungurungum. Wannan ya fi zagi ciwo. Ban haƙuri kuwa ya gagara, don ba zan iya buɗe baki a gabansa ba, balle a layin da garuruwa huɗu ke saurare. Dole na durƙusa wa Kawu, da haushinsa da komai, ya koya mini bugun. Wata Juma'a kafin la'asar na ƙwanƙwasa wa Kiru: "Baba, a yi haƙuri." Amsa ta dawo a hankali, yadda zan iya bi: "Kaza ta samu 'yar'uwa."

Tun daga ranar, in zan yi wa mutum faɗa sai na tambayi sunansa da na 'ya'yansa. Waƙa kuwa, ta koma zuci inda ta fito.