Gareji Biyu a Gari Ɗaya

A wani gari da ke kan hanyar Funtuwa, kanikawa suna da wata al'ada da ba sa wasa da ita. In mutum ya gama koyon aiki, maigidansa ne zai yaye shi a gaban jama'a, ya danƙa masa sifana, ya sa masa albarka. Amma ba zai buɗe gareji a cikin garin ba sai da yardar maigidan, ko kuma shugaban ƙungiya ya ga dalili ya ba shi wuri. Wanda ya rasa duka biyun sai ya tattara kayansa ya nemi wani gari.

Lurwanu ya daɗe a hannun Oga Barau. A nan ya yi aure, ya haihu, har furfura ta fara leƙo masa a gemu, amma ana nan ana ce masa yaron Barau. Da ya samu wani fili kusa da tasha, sai ya nemi a sallame shi ya kafa nasa. Mahaifiyarsa ta tsufa, ba ya son ya yi nisa da ita. Barau ya ce yaye kam ya yarda, ko gobe. Zancen gareji a garin nan ne bai ma taso ba.

Aka kai magana gaban shugaban ƙungiya, Alhaji Ɗantsoho. Bayan la'asar kanikawa suka taru, wasu a kan benci, wasu a kan tsofaffin tayoyi.

Barau ya fara bayani, kuma mutum ne da ya iya tsara magana. Ya ce shi tausayin Lurwanu yake ji. Tun da mai ya yi tsada, rabin masu mota sun jingine su sun koma hawa babur. Motocin da ake shigowa da su yanzu kuwa ba a sauraron injinsu da kunne, sai an jona musu kwamfuta ta faɗi ciwonsu. Ga kuma motoci masu aiki da lantarki suna tafe, waɗanda ya ji an ce ko baƙin mai ba a juye musu. Aiki ya koma manyan birane. In Lurwanu yana da hankali, ya nufi Kaduna ko Abuja tun da sauran ƙarfinsa.

Jama'a suka yi ta gyaɗa kai, don akwai gaskiya a ciki. Alhaji Ɗantsoho ya juya wajen Lurwanu, wanda ke tsugune a gefe yana murza hularsa.

"To, ka ji maigidanka. Ni ba na hana mutum neman abinci, amma ba na ba da wuri in zo ina raba faɗa a kan mota ɗaya. In ka nuna mini akwai aikin da zai riƙe gareji biyu a garin nan, filin naka ne."

Lurwanu ya ce, cikin ladabi, shi dai a ganinsa aiki ba zai yanke ba.

Nan Barau ya hasala. Ya miƙe yana nuna titi da hannu.

"Wane aiki? Kai Lurwanu, ni za ka gaya wa garin nan? Alhaji, a tambayi kowa. Daga tasha har bakin kasuwa, motar haya ce ko ta gida, babu wadda ban kwance injinta na ɗaure da hannuna ba. Ko guda ɗaya! To me ya rage maka?"

Alhaji Ɗantsoho ya ce, "Ka ji tambaya. Me ya rage maka?"

Lurwanu bai ɗago kai ba. Ya ɗan gyara tsugunonsa, ya ce:

"Ranka ya daɗe, ai su nake nufi. Waɗanda Oga ya gyara da hannunsa kaɗai sun ishe ni aiki har in yaye nawa yaran."