Injiniya Labaran Ya Tafi Biko da Gwangwani

Duk wanda ya ce ƙasar Bebeji ba ta haifi masani ba, to bai taɓa sauka a Ƙofa ba. A nan, ƙarƙashin darbejiyar bakin tasha, Allah Ya ajiye mana Injiniya Labaran. Babu jami'ar da ta ba shi wannan suna. Shi ya duba cancantarsa ya ga ta isa, ya sa aka rubuta a allon rumfarsa da jan fenti. Mahassada suna kiransa Farfesan Dalma. Ya ji, ya kuma karɓa hannu bibbiyu.

Sana'arsa gyaran rediyo da tocila. Baiwarsa kuwa, duk abin da ya buɗe, in ya rufe sai ya sami rarar noti uku. Wannan, in ji shi, hujja ce cewa masu kamfani almubazzarai ne.

Bana Injiniya ya ƙuduri aniyar ƙera abin da zai sa duniya ta san Ƙofa: amfilifaya ta aljihu, 'yar na'urar da za ka jona da waya, ka sa iyafis a kunne, sauti ya cika maka kai. Ya yi mata gida da gwangwanin kifin sadin. Ya samo batir mai kusurwa huɗu, ya ƙwaƙulo aisi, ɗan ƙwayar da ke ƙara sauti, daga wata matacciyar sifika. Saura abin murɗa murya. Ya duba ko'ina bai samu ba, sai a jikin rediyon matarsa Luba, wadda ubanta ya saya mata, take jin shirin mata da ita kullum da hantsi. Ilimi yana bukatar sadaukarwa. Injiniya ya sadaukar da rediyon Luba.

Luba ta dawo daga gidan suna ta tarar da hanjin rediyonta a baje kan tabarma. Ta gyara mayafi, ta tare ɗan acaɓa, sai Yako, gidan ubanta. Yaji na huɗu ke nan.

Kwana biyar Injiniya yana cin garau-garau a tasha, har cikinsa ya fara ba shi shawara. Gida ya yi masa faɗi. Lallai sai an dawo da Luba. Amma hankalinsa bai tashi ba, don a fagen biko shi gwarzo ne. Surukinsa Malam Jibrin tsohon manomi ne, kunnensa ya yi nauyi tun kafin a ɗaura auren. Sau uku Injiniya yana zuwa biko, sau uku yana dawowa da matarsa a ranar. Yakan tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a zaure, ya sunkuyar da kai, ya yi jawabi mai tsawo. Tsoho ya yi ta kallon leɓɓansa suna motsi, daga ƙarshe ya kira Luba ya ce, "Ki ji tsoron Allah. Dubi yadda bawan Allah yake ta ba da haƙuri. Tashi ki bi mijinki."

Injiniya ya daɗe da gano sirrin wannan nasara: fasahar harshensa ce.

Nan wani tunani ya faɗo masa. In jawabinsa yana wannan aiki a toshasshen kunne, ina ga an buɗe kunnen duka? Ya huda gwangwanin da ƙusa, ya liƙa makirfon wata tsohuwar waya, yadda na'urar za ta ɗauki magana ta zuba a kunnen tsoho.

A kan Ɗanasabe mai shayi, abokinsa tun na ƙuruciya, aka yi gwaji. Ranar farko na'urar ta yi gurnani kamar injin niƙa. Rana ta biyu ta kamo wani gidan rediyo da kanta, Ɗanasabe ya saurari sanarwar ɗaurin auren mutanen da bai sani ba. Rana ta uku ta ƙwalla wata ƙara mai tsini, ya watsar da shayin mutane. Injiniya ya ce duk matakai ne. Ya narka dalma ya haɗa waya ɗaya da jikin gwangwanin, gurnanin ya mutu. Ya canza kafasita, ya naɗe komai da robar tayar keke. Sai ga abin da bai taɓa faruwa a rumfar nan ba: abu ya yi aiki. Ɗanasabe ya rantse yana jin kaza tana tono a tsallaken titi.

"Injiniya," in ji shi, "ka sayi sabuwar rediyo, ka nemi dattijo ya shige maka gaba, kai kuma ka ja bakinka ka yi shiru. Haka ake biko."

"Haka jahilai suke biko," in ji Injiniya. "Ni kimiyya ce za ta shige mini gaba."

Ranar Juma'a bayan la'asar ya dira a Yako cikin babbar riga, biro uku a aljihu. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya saka wa Malam Jibrin iyafis da hannunsa, ya murɗa. Idon tsoho ya buɗe. Ya ji kukan tunkiya. Ya ji luguden taɓarya a maƙwabta. Hawaye ya cika masa ido, ya shiga sa albarka.

Injiniya ya gyara murya, ya sunkuyar da kai kamar kullum.

"Baba, kamar yadda na sha gaya maka, ni ba haƙuri na zo bayarwa ba, don masani ba ya kuskure, gwaji yake yi. 'Yarka mace ce ta gari, sai dai kanta bai kai ya ɗauki mutum irina ba. Ba kuma laifinta ba ne. Gidan da ta tashi ba a san komai ba sai garma da takin shanu. Daga Kiru zuwa Tudun Wada har Doguwa, mata nawa ne suke addu'ar a fasa musu rediyo saboda ci gaban ɗan Adam? Ita ta samu a sama, ta raina. Na yafe mata albarkacin furfurarka. A kira ta, yamma tana yi."

Malam Jibrin ya gyara zaman iyafis a kunnensa, ya dube shi.

"Bara ma wannan ka faɗa mini?"

"Kalma da kalma, Baba. Ba na canza gaskiya."

"Da bara waccan?"

"Waccan ta fi tsawo."

Tsoho ya waiwaya cikin gida. "Luba! Haka yake magana a gida?"

Daga bayan labule murya ta fito, ya kuma ji ta tar, karon farko cikin shekaru: "Baba, yau ai ya rage, don yana jin nauyinka."

"Innalillahi! Sau uku ina mayar da ke da bakina. Ki yafe ni, 'yar nan. Koma ki zauna, babu inda za ki."

Injiniya ya ɗaga yatsa zai yi ƙarin bayani. Tsoho ya tare shi, yana shafa gwangwanin.

"Aiki dai ya yi kyau, Allah Ya yi albarka, na kuma karɓa. Wannan abin murɗawar fa, in aka juya shi baya?"

"Yana rage murya, Baba, har ya kashe ta gaba ɗaya. Wato a ilmance, abin da ke faruwa a ciki shi ne..."

Malam Jibrin ya kama maɓallin rediyon 'yarsa, ya murɗa shi har ƙarshe. Ya jingina da bango, yana kallon leɓɓan surukinsa suna motsi, cikin kwanciyar hankali irin ta da.

Injiniya ya koma Ƙofa shi kaɗai a bayan acaɓa, ya wuce kai tsaye wajen mai garau-garau. Ya shaida wa duk 'yan tasha cewa na'urarsa ta yi aiki ɗari bisa ɗari. Wannan karon babu wanda ya ƙaryata shi.