Binciken Zoɓo a Bayan Hita

Wani Bature mai gonar inabi da kamfanin giya na ɗauko a tasi, shi ya ja min. Ya ce gwamnati na rage masa haraji saboda bincike.

Na ce, "Oga, wane irin bincike?"

Ya ce gwaji ne: ya canza haɗi, ya ajiye, ya ɗanɗana.

Ashe ni da ban gama firamare ba masani ne! Ina isa gida a unguwarmu ta Highbridge na cika kwalabe biyar da zoɓon da Hajiyata ke sayarwa. Wata na zuba dabino, wata abarba, wata zuma. Na toshe su, na jera bayan hita mai ɗumama ɗaki har sati uku.

Hajiya ta ce, "Malam, zai lalace."

Na ce, "Ilimi ne, ba za ki gane ba."

Na sa babbar riga na ɗauki kwalba ɗaya na kai wa Sista Rabi, 'yar Gana mai cike mana takardun haraji. Ofis ya cika, har limaminmu na kan layi.

"Ga bincikena, a rage min!"

Ina murɗe murfi sai fuuu! Jan kumfa ya wanke rawanin Liman, warin burkutu ya gauraye ɗakin.

Liman ya shinshina rigarsa. "Alhaji, giya ka haɗa?"

"Bincike ne, Allah gafarta Malam."

Rabi ta kife kan tebur tana dariya.

Har yau in na shiga masallaci da gorar ruwa, sai sahu ya dare. "Farfesa, don Allah kar ka buɗe a nan!"