Hantar da Ta Riƙe Kasuwar Afirka

Duk wanda ya taɓa sauka a Guangzhou da niyyar saro kaya, har ya koma gida bai ji sunan Alhaji Kallamu ba, to ya sake duba fasfo ɗinsa, wataƙila wani garin jirgi ya ajiye shi. Shekara goma sha huɗu ke nan da Sinawa suka yi gamo da katar, Allah ya jefo musu wannan bawan nasa daga Kano. Kafin zuwansa, kamar yadda shi da kansa yake ba da tarihi, Bahaushe a garin nan bai iya komai ba sai nuni da yatsa da danna kalkuleta. Shi ya zo ya buɗe ƙofofi. A katinsa na kasuwanci an rubuta "Gadar Afirka da Sin" da ruwan zinare, cikin harsuna uku. Mu kuwa da ba mu da kati, a bayan idonsa Sarkin Gambe muke ce masa.

Gambe ita ce kalmar da mutanen nan suke faɗa in an ɗaga kofi a wurin liyafa, wato a shanye tas, kada a rage ko ɗigo. Abin da ke cikin kofin kuwa baiju ne, wata farar giya da a ido ba ta da maraba da ruwan randa, a maƙogwaro kuma sai ka ce garwashi, in ji waɗanda suka sani. Alhaji dai bai taɓa kiranta giya ba. Ruwan yarjejeniya yake ce mata, kuma yana da cikakken bayani a kai, wanda yakan karanta mana a gidan tuwon unguwar Xiaobei ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba.

"Ku yara ba ku fahimci ɗan Caina ba," yakan ce, ko da a cikin yaran akwai mai furfura. "Ɗan Caina ba don kuɗinka yake sayar maka da kaya ba. Kuɗi kowa yana da su. Sai ya ga zuciyarka, zuciyar kuma a ƙasan kofi take. In ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma ka nemi taka. Ni ba don daɗi nake yi ba, Allah shi ne shaida, larura ce. Duk fankar da ta kaɗa a Kano, duk fitilar da ta haska a Maraɗi, ta maƙogwarona ta bi. Wani dukiyarsa ya bai wa al'umma, wani lokacinsa. Ni hantata na bayar."

Mai irin wannan sadaukarwa ai ba a haɗa shi da gama-gari. A liyafar masana'antu akan ware wa baƙi Musulmi teburinsu a gefe, a cika musu shi da kifi da ganye da shayi. Alhaji ya raina teburin nan raini mai tsanani, teburin 'yan shayi yake kiransa. Don kada a yi kuskuren kai shi can, in zai je wurin Sinawa sai ya tuɓe babbar riga da hula, ya ɗaura kwat da lakatai, ya zama Mista Kalam. Naman alade ma cewa ya yi ƙaiƙayi yake sa shi. Da haka ya samu kujerar da ke hannun daman mai gida a babban teburi, inda ake tafa masa duk lokacin da ya kife kofi. Ranar Juma'a kuma sai rigar ta dawo, ya cika baki da kanumfari, ya yi wanka da turare, ya nufi masallacin Huaisheng da sassarfa don kada sahun gaba ya wuce shi. A ganinsa babu wanda ya taɓa jin komai. Gwano dama ba ya jin warin jikinsa.

To, jiki magayi. Bara waccan ciki ya fara tasowa, Alhaji ya ce tumbin arziki ne. Bara idanu suka yi ɗorawa, ya ce rashin barci ne saboda tunanin al'umma. Bana ƙafa ta ƙi shiga takalmi, a nan bayani ya ƙare, sai asibiti.

Sauda ce ta raka shi. 'Yar zangon Nima ce ta Accra, a nan ƙasar Sin ta yi karatu, yanzu kamfanin tura kaya gare ta, kwantenoninta ba sa yankewa a tashar jiragen ruwa ta Huangpu. Tana jin Sinanci kamar a cikinsa aka yi mata wankan jego. Alhaji ma yana ji, kada a raina masa, kalma huɗu ya mallaka: ta gaisuwa, ta godiya, ta "babu", sai gambe. Sai dai likitan bai yi amfani da ko ɗaya daga cikinsu ba. Ya ɗaga hoton hantar, ya nuna wasu wurare da biro, ya yi magana gajeriya. Sauda ta ce likita ya ce in ya daina yau, akwai sauran gyara. In bai daina ba, kada ya wahalar da kansa sabunta bizar baɗi.

"Alhaji," ta ƙara da nata a bakin ƙofa, "ni kaya nake turawa gida. Ba na son ranar da za a ce in tura ka."

Wani ƙaramin mutum da ya ji haka, da tuni ya tsorata saboda ransa. Alhaji kuwa Afirka ya tausaya wa. Mako uku yana zagaya Xiaobei da hannu a baya, yana lissafin abin da zai biyo baya in ya ajiye kofi. Masana'antu za su rufe ƙofa, farashi zai tashi, matan Kano su kwana cikin zafi babu fanka. Haka yake faɗa. Amma ni da na daɗe da saninsa, na san ba Afirka ce ta hana shi cin tuwo ba. Tsoro yake ji, kuma tsoron na gaske ne. Iyalinsa a waya yake ganinsu, 'ya'yansa sun girma a bayan idonsa, mu kuma da muke tare da shi dariya muke yi masa, ya sani ko bai sani ba. Wuri ɗaya tak a duniya da ake miƙewa in ya shigo shi ne teburin nan mai zagaye. In kofi ya tafi da kujerar, me ya rage na Mista Kalam? Na tausaya masa a makonnin nan, ko da yake bai bar ni na daɗe ina tausayin ba.

Don kuwa sai ya shiga neman shawara, irin ta manya. Ba shi ba ne, wani abokinsa ne likita ya hana wani abu. Ya kai maganar abokin nan shago-shago, har ta isa gun Malam Tankari, wani dattijon Maraɗi da ya shekara ashirin yana saron kaya a nan, ba ya rabuwa da fulas ɗin ruwan zafi. Tankari ya saurare shi har ƙarshe, ya kurɓi ruwansa.

"Alhaji, hwaɗa ma abokin naka shi bari," ya ce. "Lahiya uwar jiki. Kuma ko banza kanumhwari ya huta."

Alhaji ya fito yana cewa matsalar mutanen Nijar ke nan, ba su san manyan harkoki ba.

Duk da haka ya yanke shawara, kuma a yaba masa, shawarar kirki ya yanke. Zai daina. Sai dai mutum irinsa ba ya daina abu a ɓoye kamar mai barin shan taba. Dole a yi taro, tarihi ya shaida. Aka yi sa'a lokacin baje kolin bazara ne a Pazhou, kuma Laoban Liang, wato mai gida Liang, mai wata masana'antar fanka mai caji a garin Foshan, ya shirya wa abokan cinikinsa liyafar rana. Shi ne babban aminin Alhaji, shekara goma sha ɗaya suna haɗa kofi. Alhaji ya gayyaci Sauda don fassara, ya kuma sa aka ɗauko Tankari da mu uku daga teburin 'yan shayi aka kawo mu babban teburi, albarkacinsa, mu ga yadda ake rabuwar manya.

"Ku daure," ya gargaɗe mu a cikin lif. "Mutumin nan zai iya yin kuka. Zai roƙe ni, zai ce zumunci ya mutu. Kada wanda ya sa baki. In farashi ya tashi gobe, ku yi haƙuri, na riƙe muku shi iya ƙarfina."

Aka zauna, aka kawo abinci, aka ajiye farar kwalba a gabansa kamar kullum. Wani siririn ma'aikaci da aka zaunar kusa da shi ya dubi kwalbar kamar mai duban allura. Alhaji ya miƙe, ya gyara lakatai, ya ɗora tafin hannu a kan kofinsa.

"Ɗan'uwana Liang, da ku jama'ar Sin baki ɗaya," ya fara, ko da yake jama'ar Sin da ke wurin ba su wuce takwas ba. "Yau rana ce mai nauyi ga nahiyoyi biyu. Shekara goma sha ɗaya ina tsaye tsakaninku da mutanena, kofi a hannu, ban taɓa ja da baya ba. Na sha don talaka, na sha don maraya. Yau likitoci sun haɗu sun roƙe ni in tausaya wa duniya in zauna a cikinta. Na san abin da wannan zai jawo. Na san zukata za su karaya. Amma ina roƙonku, kada ku huce fushinku a kan waɗannan bayin Allah da na zo da su."

Ya yi minti goma a haka. Sauda ta juya ta fassara shi duka a jimla ɗaya.

Laoban Liang ya ajiye tsinkayen cin abincinsa. Fuskarsa ta buɗe, ya miƙe ya kama hannun Alhaji da hannu biyu yana girgizawa. Siririn ma'aikacin nan ya fara tafi, sauran suka ɗauka, tafin da ban taɓa jin irinsa a teburin Sinawa ba. Kafin Alhaji ya zauna an ɗauke kwalbar, an kawo butar shayi. Liang ya shiga magana da sauri yana dariya, Sauda tana bin sa a hankali, idonta a kan faranti.

Ya ce wallahi ya ji daɗi. Shi kansa shekara shida ke nan da aka yi masa aiki a ciki, tun daga lokacin ruwa ne zalla a 'yar butar da ke gabansa, kunya ce ta hana shi faɗa, ganin yadda baƙonsa yake son abin. Ya ce ma'aikatansa na yanzu ba sa son sha, shi ya sa duk ranar da Mista Kalam zai zo sai an jefa ƙuri'a a ofis, wanda ta faɗa wa shi zai zauna kusa da shi, washegari a ba shi hutu. Siririn ya gyaɗa kai da ƙarfi, wai sau uku a jere tana faɗa masa.

Alhaji ya yi murmushin da bai wuce leɓe ba. Ya ce to madalla, amma a tambayi Laoban, yaya batun farashin nan na musamman, na aminci, shin zai ci gaba?

Liang bai gane tambayar ba sai da aka maimaita. Ya zaro wata takarda daga jaka, irin wadda suke rabawa kowa a rumfarsu ta Pazhou. Ya ce farashi ai ga shi nan a buge, duk mai ɗaukar kwantena guda haka yake biya, ko Mista Tankari ga shi nan a tambaye shi. Tankari ya duba takardar, ya ce haka ne, sai dai shi akan ƙara masa da 'yan kayan gyara kyauta, don ba ya ɓata musu lokaci.

Babu wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Alhaji ya zauna yana kallon shayin da aka zuba masa. Shekara goma sha ɗaya na aikin baban giwa, ga hanta ta tafi, ga shi ko mutum ɗaya bai yi fushi ba. Na tabbata a lokacin da Liang zai taimaka ya kore shi, ko ya ƙara ko sisi a kan fanka, da ya gode masa.

Shi kuwa Liang, sai ya so ya faranta wa amininsa. Ya dafa kafaɗarsa, ya yi wata magana a tausashe yana nuna mu. Sauda ta yi kamar ba ta ji ba. Alhaji ya ɗago, da ɗan sauran fata a idonsa, ya ce ta faɗa mana, me ɗan'uwansa ya ce?

"Ya ce tunda ka bar sha," in ji Sauda, "kuma dama ba ka cin alade, me zai hana ka shiga addinin su Malam Tankari? Ya ce mutanen kirki ne, ya daɗe yana hulɗa da su. In kana so zai yi maka hanya."

Tankari ya murɗa murfin fulas ɗinsa a hankali, ya rufe.

"Hwaɗa mai mun gode," ya ce wa Sauda. "Ƙohwa buɗe take. Ran Juma'a shi kawo muna Alhajin masallaci."