Kwalbar Humrar Iya

Ba zan taɓa mantawa ba da wata safiyar biki a Gashuwa, shekarar da aka bar fam aka koma naira. Aurena da Malam ya shekara huɗu, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Sai ga al'adata ta wuce lokacinta. Na lallaɓa asibiti, Sista (wata 'yar kudu ce, ga faɗa ga kirki) ta ce ya yi wuri. In ƙara haƙuri, sannan in kawo fitsarin farko na asuba a kwalba mai tsabta.

Jiran nan Allah kaɗai ya san yadda na yi shi. Na saƙa hular jariri, na warware don kar in yi wa Ubangiji gaggawa, na sake saƙawa. Kullum sai na shinshina daddawa da bandar kifin Dagona ko zuciyata za ta tashi. (Ba ta tashi ba, yunwa ma suke sa ni.) In na idar da salla na ɗaga hannu, sai in kasa faɗa, in ce, "Ya Allah, ka dai sani."

Ranar kai kwalba ta zo daidai da bikin 'yar ƙanwar surukata. Iya, mahaifiyar Malam, ta taho daga Nguru ta sauka a gidanmu. Gwana ce wajen haɗa humra, turaren nan da mata ke jiƙawa. Ni kuwa da sakandarena, duk kwalaben gidan ban ga wadda ta cancanci wannan aiki ba sai kwalbar humrar da ta ba ni, da yake ta ƙare. Na wanke ta da tafasasshen ruwa, na yi abin da Sista ta ce, na tura cikin jaka.

Ina saka mayafi Iya ta ce, "'Yata, jira ni mu leƙa amarya tukuna." Da wane baki zan ce wa suruka asibiti za ni?

Ɗakin amarya cike da mata, ana yi mata turare. Ƙawata Falmata, wadda jakar kowa tata ce, ta ce, "Surukar Iya ai ba ta rasa humra." Kafin in motsa ta zaro kwalbar ta ɗaga. (Abin takaici, har kalar ta yi kama.)

"Iya, haɗinki ne wannan? Buɗe ki shafa wa amarya da hannunki."

Iya ta buɗe, ta kai hanci. Ta daɗe. Ta dube ni, ni kuma na dubi tabarma kamar ni na saƙa ta.

Sai ta mayar da murfi a hankali, ta soke kwalbar a zaninta. "Wannan haɗin bai yi ba, ba na amarya ba ne. Falmata, ki rage shiga jakar mutane, mijinki ma ya gaji."

Aka yi dariya, aka ci gaba da biki.

A hanya ba ta tambaye ni komai ba. Da muka zo mararraba sai ta juya wajen asibiti, ni ina biye kamar ɗan akuya. Ita ta miƙa wa Sista kwalbar.

Da sakamako ya fito, babu ciki. Iya ba ta koma Nguru ba sai da ta ji. Ta zauna bakin gadona tana tsefe mini kai, ina kuka.

"Na fi ki daɗewa kafin in haifi mijin nan naki," ta ce. "Ni ba wanda ya raka ni ko'ina."

Sai bayan shekara biyu Allah ya ba mu Zainabu. Abin da na koya kuwa shi ne, jira ya fi sauƙi in ku biyu ne. Kuma duk abin da kike ɓoyewa, ki nema masa mummunar kwalba.