Rasuwar Daado, Uwar Ɗakuna Huɗu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, kuma ba tare da neman afuwar kowa ba, ni Bake Sero, injiniyar da aka ce ta kashe ɗaki ta ce ba za ta kashe ba, ina sanar da 'yan uwa da abokan aiki na Paraku da kewaye rasuwar Daado, babbar kwamfutar kamfaninmu, wadda masana ke kira uwar garke. Rai ya yi halinsa ranar Talata da hantsi, bayan doguwar jinya, hannuna na kan murfinta.

Ita ce na'ura ta biyar da aka sauke a kamfanin, shi ya sa ta ci sunan da ake raɗa wa 'ya ta biyar a wajenmu. Jikinta ɗaya, amma an raba cikinta ɗakuna huɗu kamar gidan haya, kowanne da kasonsa na ƙwaƙwalwa, ba mai leƙa na wani. Babban ɗaki na kamfanin auduga ne. Akwai na makarantar ungozoma, akwai na masu motocin dakon kaya. Ɗan ƙaramin na ƙurya kuwa na gidan rediyon Inna Bona ne, inda aka adana muryoyin tsofaffinmu da suka riga mu gidan gaskiya, waƙoƙin daka da na suna da na noma, waɗanda ake saka wa ƙauyuka duk Alhamis.

Marigayiya ba ta san ƙorafi ba. Ta sha ɗaukewar wuta tana lallaɓawa a kan batir. Da yake wurinta kaɗai ke da sanyi a ginin, kowa can yake ajiye cukunsa da ruwansa, ya fita ya bar ƙofa a buɗe, ba ta taɓa cewa uffan ba. Maganarta duka huuu ce ta fanka, sai ɗan ƙit-ƙit in aiki ya yi mata yawa.

Ciwon ya shigo a ɓoye. Masu auduga suka ce aikinsu na jan ƙafa. Na haɗa kason ɗakunan huɗu, ya kasa abin da aka haife ta da shi. Na zargi ɗakunan da cin rabon juna, na tarar kowa na kan iyakarsa. Na nemi wani tsohon ɗaki da ƙila aka rushe aka manta da kasonsa a ciki, babu. Sai da na shiga can ciki na gane ita ce da kanta. Duk allon ƙwaƙwalwar da ya lalace, sai ta keɓe shi shiru ta ci gaba da sauran, kamar tsohuwar da ke ɓoye ciwo don kada a hana ta girki. Irin allunanta kuma an daina ƙera su.

Darakta Shabi ya same ni a gabanta.

"Bake, ƙanwata, ba faɗa ya kawo ni ba. Kashe ɗakin rediyo ki ba masu auduga kasonsa. Tsohuwa ta huta, mu ma mu huta."

"Yallaɓai, wanda ya gina ɗakin nan ya rasu. In aka kashe, ba wanda ya san yadda za a tashe shi."

"Matattu suka ɗauke ki aiki ko ni?"

"Kai ne. Amma ba zan kashe ba."

"Ikon Allah! An tura yarinya Kwatano karatu ta dawo da digiri biyu, na biyun na taurin kai!"

Ban kashe ba. Na ɗan tsakuri kason kowa don kowa ya rayu, na shiga kwashe muryoyin zuwa wani ma'aji, ɗaya bayan ɗaya, don Daado ba ta da ƙarfin sauri. Damina ta shigo ta wuce ina kai. Masu auduga suka yi ta zagi a waya, na sha. Abokan aiki suka rage gaisuwa, suka sa mini suna ungozomar matattu, na amsa. Inna Bona kaɗai ke zuwa da sakwara a kwano.

"Ci, 'yar nan, kin rame kamar ke ce majinyaciyar. Muryar uwata ta fito?"

"Tana layi, Inna."

"Layi? Matar da ko tana da rai ba ta bin layi a famfo?"

Muryar ƙarshe ta fita ranar Litinin. Washegari huuu ɗin ya sirance, ya koma kamar numfashin mai barci, ya tsaya. Na danna maɓallin kunna ta, na sake dannawa. Ban yi kuka a gaban kowa ba.

Ta rasu ta bar 'yan haya uku da suka kwashe kayansu zuwa wata na'ura a Kwatano ba ko sallama, da batura biyu marayu, da ɗaruruwan tsofaffi da za su ci gaba da waƙa duk Alhamis ba su san wadda ta goya su ba.

Za a yi mata wanka da burushi da iska ranar Asabar da safe, a harabar gidan rediyo, don kamfani ya ce ba shi da wurin gawa. Daga nan mai gwangwan zai ɗauke ta a kura. Za a karɓi gaisuwa a gidan Inna Bona. Wanda ya zo ya ce dama ya faɗa, ya tsaya a ƙofa, don na sani. Darakta bai yi ƙarya ba: da na kashe ɗakin, da nauyi ya ragu, da ƙila ta ƙara shekara. Kwasar muryoyin da na sa ta ita ta ƙarasa ta. An sallame ni ranar Laraba, kuma a garin nan ba kamfanin da bai ji sunana ba. Na rasa aikina, na rasa Daado da hannuna. Da za a sake ba ni umarnin, amsata ba za ta canza ba.